Maganin tsutsar ciki na itatuwa: abin da na sayo a wani kanti a Tudun Wada da yadda na same shi

Kantin yana Tudun Wada nan Kaduna, in ka taso daga wajen Kasuwar Barci ka shiga ɗaya daga cikin layukan nan da masu keke napep basa son shiga in anyi ruwa. Bazan faɗi sunansa ba saboda akwai abin da zan yaba akwai kuma wanda zan kushe, mai kantin kuma dattijo ne da nake ganin girmansa, bana son maganata ta zama sanadin da wani zaije ya tsaya masa a ƙofa yana ɗaga murya. Shago ɗaya ne ɗan madaidaici, kantoci har sama, gefe ɗaya zuma da man zaitun da habbatus sauda da hulba irin na kowane kantin maganin musulunci, ɗaya gefen kuma saiwoyi da sassaƙe da garin ganyayyaki a cikin robobi masu murfi, kowace roba an manna mata takarda an rubuta sunan abin da ke ciki da ajami da boko. Wannan rubutun shine farkon abin da ya burgeni, domin sau nawa zakaje wajen mai magani ya ɗebo maka gari ya ƙulle a leda in ka tambaya menene yace sirri ne. Shi Baba baya haka. In ka nuna roba zai gaya maka wannan maɗaci ne, wannan marke, wannan sabara, wannan kuma daga dajin wajen Birnin Gwari ake kawo masa tun kafin hanya ta lalace. Wajen tsaf yake, ba ƙura ba warin ruma, ƙasa a share, yaron shagon yana auna gari da cokali ba da hannu ba.

Abu uku na saya na tsutsar ciki: garin 'ya'yan gwanda busassu da ake haɗawa da zuma, da wata kwalba ta haɗi mai ruwan ƙasa-ƙasa da suke kira wankin ciki, sai 'ya'yan kabewa ɓararru. Ukun nan ba ɗaya suke ba ko kaɗan, shi yasa in wani ya tambayeni "maganin kantin yana aiki?" bana iya cewa eh ko a'a kai tsaye, sai nace wanne daga ciki, kuma wace tsutsar.

Don tsutsar ciki ba iri ɗaya bace, mu ne muke haɗasu a suna ɗaya. Ni malamar bayoloji ce a sakandire, wannan darasin duk shekara sai na koyar dashi. Akwai macijin ciki, wancan dogon fari mai kama da tana wanda yakan wuce tsawon taƙi, macen tana iya zuba ƙwai har 200,000 a rana ɗaya a cikin hanjin yaro, ƙwan ya fita a bahaya ya zauna a ƙasa shekaru bai mutu ba, yana jiran hannun da zai taɓa ƙasar ya kai baki. Akwai mai ƙugiya, ita ba ta baki take shiga ba, ta fatar ƙafa take hudawa in yaro yana yawo ba takalmi a ƙasa mai danshi, taje ta maƙale a bangon hanji tana shan jini, itace ke sa kaga yaro ya ɗashe tafin hannunsa fari fat yana gajiya da wuri wani har ƙasa yake ci. Akwai ƙananan nan farare kamar zare masu sa ƙaiƙayin dubura da daddare yaro ya kasa barci. Akwai tsila wadda ake ɗauka daga naman sa da bai gasu ba, masu son balangu mai jini-jini ku ji da kyau. Sannan akwai tsargiya, fitsarin jini, wadda ita ba ma a hanji take zama ba, a jijiyoyin jini take. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum kusan biliyan 1.5 ne a duniya ke ɗauke da waɗanda ake ɗauka daga ƙasa kaɗai, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar, to kaga ba abin kunya bane ba kuma ciwon ƙazamai kaɗai bane, duk gidan da yara ke wasa a ƙasa ana cin latas da kabeji da karas na lambun bakin kogin Kaduna zai iya samu.

Abin da ya kaini shine yarana biyu maza, babban yana firamare ƙaramin yana nazire, cin abinci ya ragu, ciwon ciki jefi-jefi, babban kuma ya fara ɗashewa. Kafin in basu komai sai da na kai bahayansu lab aka duba, kuma dan Allah iyaye wannan gwajin ku daina jin ƙyashinsa, kuɗinsa bai kai na kwalba ɗaya ta magani ba. Sakamako ya nuna ƙwan macijin ciki a dukansu, babban kuma harda na mai ƙugiya. Kakarsu, wato surukata, ita ta nace a gwada na gargajiya tukuna, tace Hajiya su ubansu da me muka rene su in ba itace ba, ni kuma dama ina da sha'awar 'ya'yan gwanda saboda abin da na sani a kansu, sai nace to Inna a gwada amma da sharaɗin za a sake gwaji bayan nan, duk abin da ya rage kuma a sha na asibiti. Ta yarda.

Garin gwandan nan shine abin da yafi komai daraja a kantin a wajena. Baba yace nunanniyar gwanda yake sa a tara masa 'ya'yanta daga masu saida kayan marmari, a wanke a cire wannan yauƙin, a shanya a inuwa ba a rana ba, sai an zo saye ake niƙawa kaɗan-kaɗan saboda in ya daɗe a niƙe ƙarfinsa yana tafiya. Wannan maganar tasa gaskiya ce kuma ta dace da abin da ke littafi, domin sinadarin da ke yiwa tsutsar illa shine mai wannan yajin da kake ji in ka tauna ƙwayar, kuma sai an fasa ƙwayar yake fitowa, in an bar garin a buɗe sai ya bi iska. Ɗanɗanonsa yaji-yaji ne kamar masoro da ɗan ɗaci a ƙarshe, da zuma yana shiga ba laifi, babban ya shanye ba gardama ƙaramin sai da aka sa masa a koko.

Kuma ba zancen baka bane kawai, an gwada shi a kan mutane, a nan Najeriya ma. A 2007 wasu likitoci daga kudu maso yamma suka wallafa gwajin da suka yi da yara 60 waɗanda aka ga tsutsa ko wasu ƙwayoyin hanji a bahayansu, aka raba su gida biyu, 30 aka basu busassun 'ya'yan gwanda da zuma, 30 aka basu zuma zalla. Bayan kwana 7 aka sake dubawa, a cikin masu gwanda 23 bahayansu ya fita fes, a cikin masu zuma zalla 5 ne kawai. A Kenya ma an wallafa wani a 2018, 'yan makaranta sama da 300, wasu aka riƙa basu kunun masara mai garin 'ya'yan gwanda kullum har wata biyu, wasu aka basu albendazole wato ƙwayar tsutsa ta asibiti, ƙwan macijin ciki ya ragu da kusan kashi 64 cikin 100 a masu kunun gwanda, ya ragu da kusan kashi 79 a masu ƙwayar asibiti, wani abin sha'awa kuma har makeron kai ya ragu a yaran da suka sha na gwandan. To kaga abu ne mai tushe. Amma ka lura da kyau, yara 60 ba yawa bane, su kansu masu binciken cewa suka yi gwajin share fage ne, kuma a na Kenya kunun wata biyu bai kamo ƙwaya ɗaya da aka haɗiya sau ɗaya ba. Wannan shine matsayin gwanda a gaskiyance, tana aiki, bata kai ƙwaya ba.

Abin da na gani a gidana ma kusan haka ne. Ƙaramin ya fitar da tsutsa mun ganta da idonmu, Inna har da kabbara, cin abincinsa ya dawo. Da aka sake gwaji nasa ba a ga komai ba. Babban kuwa na macijin cikin ya ragu sosai amma ƙwan mai ƙugiya yana nan daram, ita kuwa itace ke shanye masa jini. Nan take na sayo albendazole a kemis, ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 ya tauna, likita ya ƙara masa maganin ƙarin jini. Da ban sake gwajin nan ba da yanzu muna zaune muna cewa ai ya warke tunda ƙaninsa ya fitar da tsutsa, yaro kuma yana ta ɗashewa a hankali, wannan tunanin har yanzu in ya zo min sai gabana ya faɗi.

Abu biyu da Baba ya faɗa min da kansa kan garin ba tare da na tambaya ba, kuma na jinjina masa: kada mai ciki ta sha, kada a ba jaririn da bai shekara ba saboda zumar. Duka biyun daidai ne, zuma kam likitocin yara sun hana kafin shekara ɗaya. Abin da zan ƙara nawa shine kada maza su maida shi abin sha kullum wai don wanke ciki, domin an gwada 'ya'yan gwanda a kan dabbobi, har birai a Indiya, an ga yawan shansu na dogon lokaci yana rage ƙwayoyin haihuwa na namiji. Na ɗan lokaci ne a sha a ajiye.

Yanzu kwalbar wankin cikin, a nan ne nake da magana mai nauyi. Na tambayi Baba me ke ciki, bai ɓoye ba, yace sassaƙen maɗaci da ganyen darbejiya da shuwaka da tafarnuwa da filasko. Nace Baba nawa ne na kowanne? Yace 'yata ai da ido muke aunawa, tun zamanin mahaifina haka ake yi. A jikin kwalbar an manna sitika an jero cututtuka, tsutsar ciki, shawara, basir, taifot, sanyi, ƙurajen jiki, amma ba ranar da aka haɗa ba ranar lalacewa, ma'auni kuma "rabin kofi safe da yamma, yara kwata". Wane kofi? Na shayi ko na silba da muke shan ruwa? Yara kuma wanne, ɗan shekara biyu ko ɗan sha biyu? Lambar NAFDAC ma babu. Ko da akwai ma ya kamata mutane su sani, lambar da suke ba magungunan itatuwa wadda ke ƙarewa da harafin L tana nuna an duba an ga bazai cutar ba ne a yadda aka ce a sha, ba wai hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba, shi yasa zakaga an rubuta a jikin kwalin cewa basu tantance iƙirarin ba. To wannan ko wancan matakin na farko bata taka ba.

Ban ba yara ba, ni na sha da kaina ƙasa da abin da aka rubuta. Ɗaci kam ba a magana, har washegari ina jinsa a maƙogwaro. Bayan wasu awanni ciki ya fara murɗawa, sai zawo, na wuni ina zirga-zirga jikina ya mutu laƙwas. Wannan aikin filasko ne, kowa ya san filasko mai sa gudawa ne, kuma anan ne mutane ke ruɗuwa, in suka ga sun yi ta bayan gida sai suce maganin yayi aiki ya wanke datti. Zawo daban kashe tsutsa daban. Mai ƙugiya da bakinta take riƙe da bangon hanji, ruwa ya wuce ta kanta tana nan, kaman ka watsa bokitin ruwa a jikin saniya kace ka cire mata kaska. Babba mai lafiya zai jure wunin gudawa, amma ka ɗauki yaro ɗan shekara uku wanda dama tsutsa ta rage masa jini ta rage masa ƙiba ka ƙara masa zawo a zafin watan Afrilu na Kaduna, wallahi ruwan jikinsa zai iya ƙarewa kafin magariba.

Kada a fahimceni ba daidai ba, itatuwan da ke cikin kwalbar ba na banza bane. Shuwaka har birai sun san ta, masu binciken namun daji a Tanzaniya sun ga manyan birai marasa lafiya suna ɓare karanta suna tsotsar ɗacin lokacin da tsutsa ta dame su. Maɗaci kuwa Fulani sun daɗe suna jiƙa wa dabbobi, masana dabbobi sun gwada shi a kan tumaki an ga yana rage ƙwan tsutsa. Matsalar ma'auni ce. Abin da ke kashe tsutsa guba ne ga tsutsar, tazarar da ke tsakanin abin da zai kasheta da abin da zai taɓa hantar yaro ko ƙodarsa wani lokacin siririya ce ƙwarai, kuma ƙarfin sassaƙe yana canzawa daga bishiya zuwa bishiya daga rani zuwa damina, ido baya auna wannan. Su Turawan ma ta nan suka bi suka ga ba daɗi. A 1830 aka ciro wani sinadari mai suna santonin a Jamus daga furen wani tsiro ɗan uwan tazargade, sama da shekara ɗari shine babban maganin macijin ciki a Turai da Amurka, yana fitar da tsutsa sosai, amma in an ɗan zarce sai mutum ya riƙa ganin komai rawaya, yara su riƙa jijjiga wasu har su mutu, daga baya aka watsar dashi da aka samu waɗanda basu da wannan haɗarin. Man darbejiya kuma likitoci a Indiya da Maleshiya sun rubuta labarin jarirai da aka ɗura musu shi suka kama amai da jijjiga har suma. Itace ne, na Allah ne, amma haka tunfafiya ma itace ce.

Na faɗawa Baba wannan cikin ladabi da na koma, nace Baba da kun riƙa rubuta shekaru da cokali nawa, ku cire yara ƙanana gaba ɗaya daga wannan kwalbar. Bai ji haushi ba, yace Malama maganarki tana kan hanya, shi dama in uwa tazo da goyo baya bata, amma in yaron shago ne kaɗai a wajen ko aka aiko almajiri ya saya ba wanda zai tambaya wa za a ba. To ai matsalar kenan, gargaɗin yana bakin Baba baya jikin kwalba, kwalbar kuma ita ke shiga gida ba Baba ba.

Akwai abin da na gani a kantin da yasa duk da kwalbar nan nake ganin mutuncinsa. Ina zaune a benci wani mutum ya shigo da ɗansa kamar ɗan shekara goma, yace Malam yaron nan jini yake gani a ƙarshen fitsari, a bamu wani abu. Baba ya tambayi yaron kana wanka a rafi? Yace eh suna zuwa kogi da abokai. Baba yace Alhaji wannan tsargiya ce, bani da maganinta, ka kaishi asibiti akwai ƙwayar da ake bayarwa gwargwadon tsayin yaro ko nauyinsa, kada ka ɓata kuɗinka a wajena. Mutumin ya so ya matsa, Baba ya ƙi. Mai neman kuɗi kawai da ya miƙa masa kwalba biyu. Ƙwayar da yake nufi praziquantel ce, kuma ita ce maganin tsargiya a duk duniya, Najeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu ciwon. Tsutsar daga jikin dodon koɗin ruwa take fitowa ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ko mai kamun kifi, in aka barta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda har takan kai ga kansar mafitsara, ga mata kuma tana taɓa mahaifa. Har yanzu akwai ƙauyukan da ake ɗaukar fitsarin jini alamar balagar ɗa namiji, abin yana min ciwo. An nemi maganinta a itace ba a bari ba, a Masar wajen 2001 an fito da wani mai suna Mirazid daga ƙaron itacen mur aka yi ta tallarsa, da wasu masana suka sake gwadawa da kyau sai aka ga kaɗan ne ke warkewa in aka kwatanta da praziquantel. Aduwa tamu kuwa an san tun shekarun 1930 a Sudan cewa 'ya'yanta na kashe dodon koɗin a cikin ruwa, amma wannan a tafki ne ba a jikin mutum ba.

'Ya'yan kabewa ba abin da zance da yawa tunda ba mai tsila a gidanmu, yara sun cinye su a matsayin abin taɓawa, masu kyau ne ba su yi fumfuna ba. An daɗe ana amfani dasu kan tsila a ƙasashe da dama, a Sin har yau akan haɗasu da wata ƙwaya irin ta goron Indiya a fitar da tsutsar ɗungurungum. Abin lura da tsila shine in kanta bai fita ba sake tsirowa take, don haka ganin guntaye a bahaya ba shine warkewa ba, a duba bayan wata biyu zuwa uku.

Inna takan ce ku 'yan boko kun raina itace, ni kuma ina ce mata Inna wallahi ba raini bane. Maganin zazzaɓin cizon sauro da duk muke sha yanzu, irinsu Coartem, asalinsa daga wani nau'in tazargade aka ciro shi, matar da ta gano shi 'yar Sin Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015, kuma a wannan shekarar dai aka raba kyautar da mutum biyun da suka samo ivermectin, wato Mectizan da aka yi shekaru ana rabawa kyauta a ƙauyukan jihar nan saboda makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa, shi kuma daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasar Japan aka samo shi. Duk daga halittar Allah suke. Bambancin kawai an tace, an auna, an gwada a kan dubban mutane an san miligiram nawa ne zai kashe tsutsa ya bar mutum. Kuma ita ƙwayar asibitin ba cikakkiya bace, albendazole sau ɗaya yana gamawa da macijin ciki kusan duka, yana ƙoƙari a kan mai ƙugiya, amma akwai wata mai kama da bulala da baya iya mata sosai, a wajen tumaki da awaki kuwa tsutsotsi sun riga sun fara jure irin waɗannan magungunan a ƙasashe da yawa, shi yasa masana suka koma suna duba itatuwa da gaske. Muna da jami'ar ABU a Zariya da sashen haɗa magunguna da na likitan dabbobi, muna da cibiyar binciken dabbobi a Shika, muna da cibiyar binciken ciwon sammore a cikin garin nan, NAFDAC ma tana da ɗakin gwaji a Kaduna, ni burina in ga ranar da irin ilimin da ke kan su Baba zai shiga waɗannan wuraren a auna shi kafin tsofaffin su tafi dashi, don yaron shagonsa sunayen robobi kawai ya sani bai san daji ba.

Maganar kuɗi, garin gwanda da 'yar kwalbar zuma N2,500 na biya, kwalbar wankin ciki N2,000, kabewa N500. Zumar mai kyau ce ba haɗin sukari ba, ita ta ɗaga kuɗin. Albendazole ɗin da na saya a kemis bai kai dubu ɗaya ba, kuma lokacin makon lafiyar mata da yara ko rabon makarantu kyauta ma ake bayarwa, don haka duk wanda yace na gargajiya ya fi araha a wannan fannin bai yi lissafi ba. Suna karɓar tiransifa, suna rufewa lokacin sallah, ranar Juma'a sai bayan la'asar, in kana son ka samu Baba da kansa kaje da hantsi don da yamma yaron ne kaɗai.

Wanda zai saya: babba ko yaro da ya tasa wanda aka gwada aka ga macijin ciki ne kuma gidan sun fi natsuwa da itace, ya sayi garin gwandan, sabon niƙa, ya sake gwaji bayan sati biyu. Mai ciki, da yaro ƙasa da shekara biyu, da wanda ya ɗashe, da mai ciwon hanta ko ƙoda, da yaron da cikinsa ya kumbura yana amai baya bayan gida (wannan tsutsa ce kan dunƙule ta toshe hanji, aikin gaggawa ne), duk waɗannan asibiti kai tsaye. Kwalbar wankin ciki ban ba kowa shawarar saye ba har sai an rubuta mata ma'auni na gaskiya an cire yara daga ciki. Mai ƙaiƙayin dare kuma duk gidan ake ba magani tare a maimaita bayan sati biyu a wanke zannuwan gado a yanke farce, in ba haka ba zagayawa zata yi ta yi tsakanin yara.

Ko wanne ka sha, na Baba ko na kemis, baya hana ta dawowa, wata uku zuwa shida yaro ya sake ɗauka in ƙasar da yake wasa bata canza ba, shi yasa ake maimaita rabon maganin sau ɗaya ko biyu a shekara a inda ciwon yayi yawa. Kurkunu da ta addabi iyayenmu, sama da mutum 650,000 a ƙasar nan a 1988, ba ƙwaya ko sassaƙe ne ya kawar da ita ba don bata da magani ma, tace ruwa da ƙyalle ne da rijiyoyin burtsatse da yawon wayar da kai irin wanda Janar Yakubu Gowon da Jimmy Carter suka yi ƙauye-ƙauye, har aka ga mutum na ƙarshe a 2008 aka ba Najeriya takardar shaida a 2013. A gidana yanzu silifas dole ne ko tsakar gida za a fita, sabulu yana ɗaure kusa da buta a bakin bayi, latas da kabeji sai an wanke ganye-ganye a ruwa mai gudu, fo ɗin ƙaramin kuma a masai ake juyewa ba a kwata ba, kwatar layinmu kuwa da yaran maƙwabta ke tsallakawa ba takalmi ita ce na kai ƙorafinta wajen mai unguwa satin da ya wuce, yace zai tara magidanta bayan sallar Juma'a.